Tsofaffin motocin ƙarfi da sababbi: me kuka gani a wajen baje koli?

Sani na Detroit
Salamu alaikum 'yan uwa. Bana na kai yara kallon Woodward Dream Cruise, wanda ake yi Asabar ta uku a watan Agusta tun 1995. Titin Woodward cika yake yi da motoci daga Ferndale har Pontiac, jama'a sun jera kujeru a bakin titi tun da sassafe. Wata Challenger Hellcat mai ƙarfin doki 707 ta tsaya a danja tana gurnani, ba wanda ya motsa. Bayanta sai ga Chevelle SS 454 ta 1970, fentinta har ya fara koɗewa, kawai dattawa suka miƙe suna tafi. Babban ɗana ya ce, "Baba, ai ta gaban ta fi gudu." Na ce haka ne, na rasa abin da zan ƙara. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro ya ba mu labari.

Bakanike Houston
Wa alaikumus salam Malam Sani. Yaronka ya faɗi gaskiya. Chevelle ɗin nan, ko mai injin LS6 ce, ƙarfin doki 450 aka rubuta mata, kuma a lokacin ana auna inji ne tsirara, ba a ɗora masa kayan da ke cin ƙarfinsa ba. Sai a 1972 aka koma awon da ya fi kusa da abin da direba ke samu. Birki kuwa kada ma a yi magana, da yawansu birkin ganga ne, ka taka ka haɗa da addu'a.

Amma ni duk Asabar da na je Cars and Coffee, taron da masu motoci ke baje kolinsu da safe, wajen tsofaffin nake ƙarewa. Ka ɗaga bonet ka ga komai a fili: ga kafireta, ga fulogi, ga wayoyi, hannunka zai shiga ko'ina. Ni a kan Fijo 504 na koyi aiki a Kano, don haka da na ga kafireta sai in ji kamar na ga ɗan garinmu. Sabuwa kuwa murfin roba za ka tarar, in ta yi tari sai ka jona mata kwamfuta ta gaya maka ciwonta. Bara wani kwastomana ya zo da Charger ta 1969, muna cikin layin shiga fili a zafin Houston, lagireta ta tafasa. Kafin in ɗauko ruwa mutum bakwai sun kewaye mu, kowa da shawararsa, wani har ya kawo sifana daga but ɗinsa. Mai motar kunya yake ji, amma ranar ya fi kowa samun baƙi.

Maman Walida, Phoenix
Ni dai tawa ta bambanta. Mun je gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale cikin Janairu, ni da maigida da yara. Kyau kam akwai, sai dai masu tsofaffin ba su da sakin fuska ga mai yara. Autana ya ɗora yatsa ɗaya a ƙofar wata Plymouth, mai ita ya taso kamar an taka masa ƙafa, ya ɗauko tsumma yana gogewa a gabanmu. Na ji haushi, amma maigida ya ce in yi haƙuri, a 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi dala miliyan 3.5 a Seattle. Wai abin da ke sa tsadar shi ne lambar inji ta dace da ta bodi, wato injin da ta fito da shi daga kamfani ne har yau. To motar da ake kawowa a tirela a mayar a tirela, mota ce ko kayan ɗakin amarya? A wajen ajiye motoci wani saurayi mai sabuwar Mustang ya buɗe wa yaron ƙofa, ya zaunar da shi ya riƙe sitiyari. Har yau ita yake labari.

Abba Scat Pack
Allah ya saka, Anti. Ni Challenger mai injin 392 gare ni, ƙarfin doki 485, da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai Umma asibiti, ga iya kwandishan. Wani taro da na je a Ohio, a bakin ƙofa aka ce sai motar da ta kai shekara 25 za ta shiga tsakiyar fili, aka tura mu can baya kusa da banɗaki. Wani tsoho ya ce mini duk mai takardar bashin banki zai iya sayen irin tawa. Bai yi ƙarya ba, bashin nake biya. Kuma mu ma da laifinmu, wajen fita sai wani ya ƙona taya ya cika titi da hayaƙi, gobe masu fili su ce an daina taron. Amma an rufe ƙera Challenger a Brampton ta Kanada a Disambar 2023, Camaro ma ta tsaya. Ina nan, shekarun za su cika.

Baba Alhaji Toledo
Abba, Allah ya kai mu. Na zo karatu ƙasar nan a 1973, daidai lokacin da Larabawa suka hana Amurka mai. Layi a gidan mai ba iyaka, a 1974 aka ƙayyade gudu mil 55 a awa, kuɗin inshora ya hau. Motocin da ake yi wa tafi yau, a lokacin neman kai ake yi da su. Na sayi Pontiac GTO ta hannu da kuɗin wankin kwanuka, don ita ce mai arha. Shan mai kamar raƙumi, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye mata ƙasa har ina hango kwalta ta ƙarƙashin ƙafata. Na sayar ina murna. Yanzu kamfanin Pontiac ɗin ma babu tun 2010. Da na ga irinta a wani taro, mai ita ya tayar, warin ɗanyen fetur ɗin nan ya buge ni, na tsaya kusan rabin awa. Hajiya ta ce in dai zan kawo zancen saye, in fara nemo inda zan kwana.

Bakanike Houston
Baba, Hajiya ta yi maka gata, kuɗin gyaran tsatsa kaɗai ya isa. Kun ga Charger Daytona mai lantarki ta 2024? Ba inji ba salansa, an sa mata na'ura a baya tana fitar da ƙara. Ranar da aka kawo ta wajenmu, mai Hemi da mai Hellcat kafaɗa da kafaɗa suka tsaya suna leƙen inda ƙarar ke fitowa.

Abba Scat Pack
Ita ma a kai ta kusa da banɗaki.

Sani na Detroit
Na karanta wa yaron duka. Ya ce har yanzu Hellcat ce tasa, amma yana so ya ga kafireta da idonsa. Malam Bakanike, in mun sauko Houston hutun Disamba, akwai wadda za ka buɗe masa?