Wa ya taɓa sayen hoton makaɗan Turai mai sa hannu ya tarar jabu ne?

Ɗan Fagge a Milan:
Salam jama'a, dan Allah ina son jin yadda ta kaya da ku don abin nan ya tsaya min a rai. Watan jiya na shiga kasuwar tsofaffin kaya nan Milan na ga hoton Puccini, wanda ya tsara kiɗan Tosca (opera ce, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa), da hularsa da gashin bakinsa, an sa hannu a ƙasa har da ɗan layin kiɗa irin wanda yakan zana wa masoyansa, mai kayan ya ce yuro 300 muka yi ta ja har ya sallama min a 180 na taho ina murna. Da daddare na kara shi kusa da fitila sai na ga tawadar ta biro ce, shuɗiya, har da ɗan dunƙulen nan da biro ke bari in ya sha kwana. Puccini ya mutu 1924, biro kuwa sai wajen 1945 ya cika kasuwa. Wlh ranar ko tuwo ban iya ci ba, ba don kuɗin kaɗai ba, Tosca ce opera ta farko da na taɓa kallo.

Maman Khalifa, Bonn:
Sannu ƙanina, Allah ya mayar maka da alheri. Ni saura ƙiris na faɗa irin wannan ramin, wani a intanet ya turo min wai hoton Beethoven ne, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, da sa hannunsa, ni kuma ga shi kullum ta gaban gidan da aka haife shi nake wucewa a titin Bonngasse, zuciyata ta kwaɗaitu sosai. Maigidana ne ya ce tsaya, yaushe ma aka fara ɗaukar hoto? Beethoven ya mutu 1827, hoto bai fito duniya ba sai 1839, Mozart, shi ma mai tsara kiɗa, tun 1791 ya riga mu gidan gaskiya, to wace kyamara ta ɗauke su. Chopin mai kiɗan piyano ne dai aka samu aka ɗauka kafin mutuwarsa a 1849.
Kuma kar ka ga kamar kai kaɗai ne. Akwai wani tufkar gashi da aka sayar a gwanjon Landan a 1994 ana cewa na Beethoven ne, har littafi aka rubuta a kansa, sai a 2023 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna gashin mace ne. Masana ne fa suka riƙe shi kusan shekara 30.

Malam na Biyana:
Hajiya kin yi gaskiya. Ni tun da aka sayar min da wani hoton Caruso, mawaƙin opera ɗan Italiya, na gano an buga sa hannun ne tare da hoton, na daina saye kwata-kwata. Yadda na gane, na karkata shi a hasken taga ban ga sawun alƙalami ya shiga takardar ba, sumul take, daga baya na ga wani irinsa sak ko ɗigo bai bambanta ba, alhali mutum ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya.
Yanzu tikitin tsaye mai araha nake yanka a Musikverein, zauren kiɗa na nan Biyana (Vienna), in an tashi na zagaya ƙofar da makaɗa ke fita da takardar shirin ranar da alƙalamina. Akwai wata mai kaɗa piyano da na jira kusan awa guda cikin sanyin Janairu, ta fito ta cire safar hannu ɗaya da haƙori ta tambayi yadda ake rubuta sunana, ta sa hannu da kwanan wata. Guda 14 gare ni yanzu, duk a gabana aka yi su.

Auta daga Kano:
Yaya in ka samu na gaske ma ajiya wani aiki ne, nawa ɗaya na rataye a falo rana ta cinye tawadar cikin shekara biyu, na cikin kwali kuma gara ta taɓa gefensa da damina.

Ɗan Fagge a Milan:
Na gode ƙwarai. Hajiya rasit na hannuna amma bai rubuta cewa sa hannun na asali ba ne, kina ganin in na koma ran Lahadi zai karɓi kayansa?