Wane suna za mu ba ƙarfen da ke yi wa jiki yawa?

Daga Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema. Masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini kan dawo daga asibiti da takarda mai rikitarwa: PCV, wato ma'aunin yawan jini, ya yi ƙasa, wani abu wai shi feritin ya haura 1,000, likita kuma ya ce a daina shan maganin ƙarin jini. Sai iyaye su ce, to jinin kaɗan ya yi ko yawa? Me za mu kira wannan lalura da Hausa?

Daga Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ai direbobi sun gama mana aiki: obalodin ƙarfe.

Daga Agege:
Malam, kai dai ba ka rabo da barkwanci. Wa zai dubi uwa ya ce ɗanta ya yi obalodi?

Daga Idi-Araba:
Yaya, ni nas ce, kuma roƙona ɗaya: kowace kalma aka zaɓa, kada "jini" ya shigo cikinta. Na ji masu cewa "yawan jini", wasu ma har su ɗauka hawan jini ake nufi. Abin da ya yi yawa sinadarin ƙarfe ne. Jikin babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 kacal, abin da yake zubarwa a rana kuwa miligiram 1 ne zuwa 2. Ita ko ledar jini guda tana zuwa da miligiram 200 zuwa 250. Ƙwayoyin jinin da aka ƙara suna mutuwa, ƙarfensu ya zauna, don jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. A hankali ya kwanta a hanta da zuciya da gaɓar da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Shi ya sa za ka ga yaro jininsa ya yi ƙasa, ƙarfensa ya yi sama. Irin wannan yaron, maganin ƙarin jinin kemis ƙara masa ciwo yake yi, don akwai ƙarfe a cikinsa.

Daga Obalende:
To a ce "tarin ƙarfe".

Daga Idi-Araba:
Baba, a rubuce za a karanta shi tari na ƙirji, a je ana neman maganin tari. "Taruwar ƙarfe a jiki" ta fi, ba ta da harshen damo.

Daga Agege:
Ta kwanta mini. Saura feritin ɗin.

Daga Ijora:
Ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Hajiya, ɗauki misalin kasuwa. Feritin shi ne sito, inda ake ajiye ƙarfen. Akwai kuma taransferin, ɗan dakon da ke yawo da shi cikin jini. Sai in ce "ma'ajin ƙarfe" da "ɗan dakon ƙarfe". Amma fa a nan mutane suka fi ruɗewa, domin ma'ajin yana tashi ko da ƙarfe bai yi yawa ba. Zazzaɓin cizon sauro, kumburi, ciwon hanta, kitse a hanta, shan giya, duk suna ɗaga shi. Shi ya sa likita ke duba nauyin da ɗan dakon ya ɗauka. In ya wuce kashi 45 cikin 100, sai a fara zargin taruwa. Wanda aka auna yana cikin zazzaɓi, gara ya maimaita bayan ya warke.

Daga Obalende:
Ɗana ya ce ya karanta cewa ɗibar jini ake yi a zubar. Kamar ƙaho ke nan?

Daga Idi-Araba:
Baba, wannan na masu gadon cutar taruwar ƙarfe ne, waɗanda hanjinsu ke tsotsar ƙarfe fiye da kima. Ta fi yawa a Turawan arewacin Turai, musamman Ailan, a 1996 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, kuma ba kasafai ake samunta a cikinmu ba. Su ana ɗibar jininsu a asibiti. Mai sikila kuwa ina ya ga jinin da za a ɗiba? Magani ake ba shi, irin su deferasirox, ya kama ƙarfen ya fitar. Don Allah kada a kai shi wajen wanzami.

Daga Agege:
To mun tsaya a kan "taruwar ƙarfe a jiki", mu raba ta biyu: ta gado da ta ƙarin jini. "Ma'ajin ƙarfe" ma ya zauna. "Ɗan dako" ne ban gama yarda da shi ba, kamar ya yi kasuwa da yawa a bakin likita.

Daga Mile 12:
Hajiya, in kun ƙi ɗan dako, akwai kwandasta.