Tsuntsun teku a dam ɗin Kubanni?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum malamai. Akwai wani tsuntsu a dam ɗin Kubanni da ke Zariya, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa fari, yana nutso yana kama kifi. Wasu a ajinmu sun ce bubi ne, wani tsuntsun teku, wato Sula leucogaster a kimiyyance. Yaya ake tantance shi?

Malam Na-Galma:
Wa'alaikumus salam. Fara da yadda yake shiga ruwa. Bubi daga sama yake faɗowa, ya naɗe fikafikai ya soki ruwan da baki kamar mashi. Idan naka yana iyo ne jiki a nutse, wuya kaɗai a waje, sannan ya lume daga nan, to Microcarbo africanus ne, mai dogon wutsiyar nan da ke zama kan kututture ya baza fikafikai yana shan rana. Babbansa baƙi ne, amma ƙaraminsa cikinsa fari-fari ne, shi ke ruɗa ɗalibai. Kuma tsakanin Zariya da teku ya haura kilomita 600, bubi kuwa ba ya rabo da ruwan gishiri.

Hajiya Tudun Wada:
Gaskiyar Malam. Bari in ƙara da kamanni, ɗana. Bubi ya kai santimita 65 zuwa 75, buɗin fikafikansa kusan mita ɗaya da rabi, ɗayan kuwa bai wuce 55 ba har wutsiya. Kai da wuya da ƙirjin bubi duk ruwan ƙasa ne, sai farin ciki ya fara a kan layi ɗaya tsaf, ba dishi-dishi. Ƙafafunsa rawaya, bakinsa mai kauri da tsini, ba ƙugiya. Na dam ƙafa baƙa, baki gajere mai lanƙwasa a ƙarshe. Sai dai ƙaramin bubi cikinsa duhu-duhu ne, layin ba ya fita sosai, a nan sai ka dogara da baki da salon nutso.

Malam Na-Galma:
Mai son ganinsa sai gaɓar teku, a jirgin ruwa ma ya fi. A mashigin tekun Gini yana ƙyanƙyasa a tsibiran Tinhosas, kudu da tsibirin Firinsife na ƙasar Sao Tome da Firinsife. Na Kubanni kuwa, ka koma da safe da madubin hangen nesa mai 8x42, wato mai ƙara girma sau takwas, rana a bayanka, don hasken da ke dawowa daga ruwa kan sa cikin tsuntsu ya yi fari fiye da yadda yake. Ka ɗauko hoton ƙafa da baki ka ɗora mana.