Ziyarce-ziyarcen ƙarin kuɗi a tafiyar Rasha da ƙasashen arewacin Turai: waɗanne ne suka cancanci a biya?

Baban Hadiza, unguwar Zariya, Maradi:

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun yi rajista da wani kamfanin tafiye-tafiye domin yawon buɗe ido a watan Yuni, daga Mosko zuwa San Fitasbag, sannan Helsinki, Stokholm, Oslo da Kopenhagen. Kuɗin da muka biya ya ƙunshi jirgi da masauki da karin kumallo da zagayen gari cikin mota a kowane birni, amma daga baya suka miƙo mana takarda ta biyu mai ɗauke da ziyarce-ziyarcen da sai wanda ya so zai biya. Idan muka ɗauke su duka, kowannenmu zai ƙara yuro 300, wato kusan jika 197 na sefa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wuraren, musamman da yake maiɗakin tawa tana fama da ciwon gwiwa.

Tsohon ɗalibin Mosko, Bagalam:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce ka zuba kuɗinka a ɓangaren Rasha, domin a can ne baƙo ya fi buƙatar jagora. Tun watan Maris na 2022 katunan Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a ƙasar, saboda haka sayen tikiti ta intanet da kanka zai ba ka wahala, ga layin shiga mai tsawo a lokacin bazararsu. Gidan tarihi na Hermitage da ke San Fitasbag, wanda sarauniya Katarina ta biyu ta kafa a 1764, yana da kayan tarihi wajen miliyan uku, kuma wanda ya shiga ba jagora zai ƙare ƙafarsa a zaurukan da ba su ne suka kawo shi ba. Ku lura kuma cewa ba a buɗe shi ranar Litinin.

Fadar Peterhof ma ta cancanci kuɗinta. Tana da nisan kimanin kilomita 30 daga birnin San Fitasbag, kuma maɓuɓɓugan ruwanta suna feshi ba tare da injin turo ruwa ba, gangaren ƙasa kaɗai ke aikin tun zamanin sarki Bitrus Babba. Na taɓa tsayawa a gindin babbar matakalar ruwa da ke ƙasan fadar ina jin yayyafin a fuskata, ina tunanin yadda muke jan guga a rijiyoyin gida. Sai dai lambun yana da faɗi ƙwarai, don haka Hajiya ta tsaya kusa da fadar, kada ta bi ayari har bakin teku.

Wani abu da ya fi duk wannan muhimmanci: ka nemi kamfanin ya rubuta maka ta inda za ku tsallaka zuwa Helsinki. Jirgin ƙasa na Allegro, mai haɗa San Fitasbag da Helsinki babban birnin Finlan, ya daina zirga-zirga a 2022, kuma Finlan ta rufe mashigan iyakarta da Rasha a ƙarshen 2023. Idan zagaye za ku yi, yini guda zai iya tafiya a hanya, ya cinye ziyarar da ka riga ka biya.

Hajiya Maman Sani, Sabon Gari:

Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Na yarda da maganar Malam, amma ba zan ce ku bar na arewacin Turai duka ba. A Stokholm ku biya na gidan tarihin Vasa, jirgin ruwan yaƙin da ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628, aka ciro shi a 1961 kusan yadda yake. Yana cikin gini guda, akwai lif da wuraren zama, don haka gwiwa ba za ta sha wuya ba. Na daɗe a gabansa ina kallon sassaƙen zakuna a jikin katakon da ya yi baƙi, har ƙanshin tsohon itace nake ji.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wanda na biya a Kopenhagen. An kai mu ganin mutum-mutumin yarinyar ruwa da aka kafa a 1913, wanda tsawonsa bai wuce na ƙaramin yaro ba, muka yi minti goma, sannan aka ajiye mu kusan awa guda a kantin tsaraba. Kallon nan kyauta ne ga kowa. Haka lambun Vigeland na Oslo kyauta ne, kuma ya kamata ku sani tun daga gida cewa mutum-mutumin da ke cikinsa, sama da 200, kusan duk tsirara aka sassaƙa su.

Ɗan Mokoyo a Siwidin:

Baba, ina ƙara kaɗan a kan na Hajiya. A Helsinki kada ku biya kowa don zuwa ganuwar Suomenlinna da aka soma ginawa a 1748, domin jirgin ruwan da ke kai mutane daga bakin kasuwa na sufurin gari ne, tafiyar minti 15, kuma shiga tsibirin ba kuɗi. Hanyoyinsa na duwatsu ne, sai Mama ta taka a hankali. Yawon kwale-kwale na dare a kogin Neba na San Fitasbag, inda ake ɗaga gadoji bayan ƙarfe ɗaya, yana da kyau, amma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma, Magariba da Isha da Asuba suna matsowa kusa da juna, ga tashin sassafe washegari.

Baban Hadiza:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu ɗauki Hermitage da Peterhof da Vasa, mu bar sauran. Malam, ranar Juma'a za ta same mu a San Fitasbag, kuma a ranar aka sa Peterhof. Shin za mu iya dawowa mu riski salla a babban masallacin birnin, ko in nemi a sauya mana rana?