Wanda yake bin sujada a waya kawai, ya bar ikilisiya ke nan?

Mai neman haske:
Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya da ta daɗe tana damuna. Tun lokacin korona a 2020 da aka rufe majami'u na saba da bin sujada a YouTube, da aka buɗe na koma kamar wata biyu sai wani abu ya faru, maganar da na faɗa wa wani ɗan'uwa a asirce don ya taya ni addu'a sai ga ta a bakin mutane bayan an tashi daga sujada, tun ranar ƙafata ta yi nauyi. Yanzu duk Lahadi ina zama da wayata in ji wa'azi in yi waƙa, har baiko ina turawa ta banki. Toh zunubi nake yi? Ba Yesu ya ce inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu ba? Ni da matata ai biyu ne.

Dattijo:
Ɗana sannu, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, tona asirin mai neman addu'a zunubi ne babba. Amma ayar da ka kawo, Matiyu 18:20, ka ɗan koma baya ka fara daga aya ta 15. Maganar da Yesu yake yi a wurin ita ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai a kai gaban ikilisiya. Ka ga ayar da ka fake da ita, ita ce take tura ka wurin mutumin nan. Kalmar ikilisiya ma asalinta daga Helenanci ne, taro take nufi. Sannan jibin Ubangiji fa, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke ci su sha tare don tunawa da Yesu, yaya kake yi da shi? A 1 Korantiyawa 10:17 Bulus ya ce mun zama jiki ɗaya ne domin gurasa ɗaya muke ci tare, waya ba za ta miƙo maka ita ba.

Uwar gida:
Nidai ba zan kushe sujadar intanet ba, ta riƙe ni. Shekara guda ina jinyar mahaifiyata ban iya fita ba, nakan jingina wayar a jikin filo mu saurara tare, in aka ɗauko waƙar da ta sani sai in ga leɓenta yana motsi. Amma ranar da dattawa suka zo kamar yadda Yakubu 5:14 ya faɗa, suka ɗora mata hannu suka kira sunanta cikin addu'a, kuka ta yi, ni ma haka. Manzo Yohanna da kansa a wasiƙarsa ta biyu, aya ta 12, ya ce yana da magana da yawa amma ba ya so ta takarda da tawada, ya fi so ya zo su gana ido da ido.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:
Baba da girmamawa, kada mu yi saurin ɗora masa Ibraniyawa 10:25 a ka, ayar da ta ce kada mu daina taruwa, mu ma da muke cika benci duk Lahadi muna da laifi, gulmarmu ta kori mutane da yawa kuma ba wanda ya bi sawunsu. Wa ya neme shi duk shekarun nan? Ba dole sai gini ba kuma, Romawa 16:5 ta ambaci ikilisiyar da take taruwa a gidan Bilkisu da Akila. Abin da nake ji maka tsoro yayana shi ne a waya kai ke zaɓen wa'azin da kake so, in ya taɓo ka sai ka wuce, faston kuma bai san sunanka ba balle ya tsawata maka ko ya zo ranar da kake kwance.

Mai neman haske:
Na gode. Gaskiya ban taɓa haɗa aya ta 15 da ta 20 ba sai yau, na karanta jikina ya yi sanyi. Lambar mutumin tana nan a wayata ban goge ba. Baba in je da matata ko ni kaɗai?

Dattijo:
Kai kaɗai tukuna ɗana. Ka kira shi kafin Lahadi, zan sa ku cikin addu'a.