Fibiroz da Hausa: tauri ko tabo?

Likitan hanta, Yamai: Salamu alaikum. Muna rubuta takardar bayani ga masu ciwon hanta, kalmar fibiroz ta cije mana. Gaɓa ce ke daɗewa tana ciwo, ƙwayoyin gyara su yi ta zuba zaren kolajan har ya ci gurbin nama mai aiki. Na sa "taurin hanta". Me kuka gani?

Mai ɗaukar eko (hoton cikin jiki da sauti), Tawa: Dokta, tauri bai kama ba. Tauri shi na'urar FibroScan ke aunawa a hanta, kuma awon kan yi ƙarya. In mutum ya ci abinci ba a kai awa 3 ba, ko hanta na kumbure, ko zuciya ta gaza jini ya taru, adadin sai ya hau alhali zaren bai ƙaru ba. Ni "tabo" nike cewa: tabon hanta, tabon huhu, tabon zuciya. A hantar mai tsargiyar hanji ma haka yake fitowa a eko, fari fat kewaye da jijiyoyi. Shi ne tsarin karanta eko na taron Yamai na 1996 ya kasa daga A zuwa F.

Malamar sashen nukiliya, Yamai: Na bi bayan Malam, amma tabo iri biyu ne. Eko da sikana suna nuna wanda ya riga ya zauna. Hoton nukiliya na TEP da maganin FAPI kuwa wanda ake kan saƙawa yake kamawa. Ana ɗaura galiyom 68, sinadari mai fidda hasken nukiliya, a kan maganin, a yi allura ta jijiya, ya je ya manne wa furotin FAP da ke jikin ƙwayoyin gyaran da suka tashi aiki, bayan kamar awa ɗaya a ɗauki hoto. Ƙarfin galiyom ɗin na raguwa da rabi duk minti 68, don haka ba a aje shi, nan take ake haɗawa. Sai an kula: raunin tiyata mai warkewa da gwiwa mai amosani su ma suna haske. Har yanzu dai yawancinsa bincike ne. Shawarata "ɗanyen tabo" da "tsohon tabo", hoton kuma "hoton bin sawu".

Likitan hanta, Yamai: Hajiya, kin raba gardama. Ɗanyen nan shi magani ya fi iya tsaidawa. Na goge tauri, na bar shi ga awon FibroScan kaɗai.

Mai ɗaukar eko, Tawa: Kar dai a rubuta "tabon ciki", mutanenmu za su ɗauka gyambon ciki ake nufi. Kullum a faɗi sunan gaɓar.