Kuɗin asusu: a biya wa nas karatun mastas, ko a horar da 'yan matan ƙauye?

Baba Ma'aji, Agege:
Salamu alaikum jama'a. Maganar da muka kasa ƙarewa ranar Lahadi ce na dawo da ita. 'Yar wajen marigayi limaminmu, wadda take aikin jinya a nan Legas, ta roƙi asusun ƙungiya ya biya mata karatun digiri na biyu, wato mastas. Ita da bakinta ta ce in ta gama za ta koma gida ta yi wa ƙaramar hukumarmu aiki shekara 3. Ni dai a ganina asarar kuɗi ce. Mai mastas ba ya zaman ƙauye.

Mai Tumatir, Mile 12:
Baba kun faɗi gaskiya. Hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ta faɗa a 2024 cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3. Har ta ce sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da nan Legas. Gwamnati ta kasa riƙe su, mu 'yan kwandon tumatir ne za mu iya? Mu tara kuɗi da gumi, mu gyara wa Ingila ma'aikaciya.

Hajiya Mai Abinci, Alaba Rago:
Ni ban san mastas ba. Abin da na sani, ƙanwata naƙuda ta kama ta da dare, aka tarar da asibitin sha-ka-tafi na garinmu a kulle. Aka ɗora ta a bayan a-kori-kura, kafin a isa babban asibiti jini ya ƙare mata. Da akwai ko da ungozoma ɗaya mai kwana a wurin, wataƙila da wani zance ake. Ku ɗauki kuɗin ku kai yara uku ko huɗu su koyi karɓar haihuwa.

Baba Ma'aji:
Allah ya jiƙanta Hajiya, ya sa ta huta.

Anti Sista, Idi-Araba:
Amin. Hajiya, ni ma abin da kike so nake so, amma wa zai koyar da yaran? Nan gizo yake saƙa. Makarantar jinya ba ta ɗaukar ɗalibai yadda ta ga dama, hukuma ce ke yanka mata adadi, kuma cikin abin da take dubawa har da yawan ƙwararrun malamai. Makarantar da ba ta da malamai, ko 'yan mata ɗari kuka biya wa kuɗi, gurbin ba zai ƙaru ba. Ga shi yanzu ana mayar da makarantun nan kwalejoji, ana son malami ya zama mai babban digiri.
Ku tuna shirin nan na mata a fannin lafiya da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. An ɗebo 'yan matan ƙauye an yi musu karatun share fage, haka ne. Amma sai da aka haɗa da horar da malamai mata da gyara ɗakunan kwana, domin uba ba zai saki 'yarsa zuwa makarantar da duk maza ke koyarwa ba. Kun fi ni sanin mutanenmu.
Saboda haka kuskuren yana cikin sharaɗin ne. Kada ku ce ta je ta zauna a sha-ka-tafi tana awon ciki, wannan ko ba mastas za ta yi. Ku ce ta koyar a makarantar ungozoma mafi kusa da mu, tana zagaya asibitocin ƙauyuka tana duba aikin waɗanda ta yaye.

Mai Tumatir:
Anti, in ta sa hannu ta kuma yi japa, wato ta tsere ƙasar waje fa? Mu bi ta Landan da takarda?

Ɗan Auta, Akoka:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ba mu muka fara wannan dabarar ba. A Amurka gwamnati na biya wa nas karatun gaba da digiri, da sharaɗin aikin aƙalla shekara 2 a yankin da ke ƙarancin ma'aikatan lafiya. A babban shirin nasu, wanda ya karya alkawari ninki uku yake biya, ga kuma kuɗin ruwa a kai. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Baba Ma'aji:
Yaro, can suna da kotun da za ta karɓo. Mu marainiya za mu kai ƙara? Kuma ruwa ba ma ci.

Malam na Obalende:
Ni ba guduwarta nake tsoro ba, abin da za ta tarar nake ji. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi ƙauyuka. Tarayya ta biya nata kason, jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka yi ta jan ƙafa wajen alawus da masauki, matan suka riƙa sulalewa. Mace ba wuta, ba ruwa, ba katanga, ga halin tsaro. Wa zai ga laifinta?
Sannan me ya sa komai sai aljihunmu? Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma kashi 10 cikin 100 na wannan asusu na horar da ma'aikata ne. Ya kamata mu tambayi jiha inda namu ya maƙale.

Hajiya Mai Abinci:
Malam, kafin jiha ta amsa mata nawa za a binne? Anti Sista, na ji bayaninki. Amma shekara 2 tana karatu, yaran su yi nasu, sha-ka-tafi na nan a kulle. Ban gamsu ba tukuna.

Anti Sista:
Kina da gaskiya, ba gobe za a ga amfanin ba. To a raba. Akwai karatun ungozoman karkara na shekara 2, wanda al'umma ke tura 'yarta ta dawo ta yi mata aiki. A ɗauki yarinya ɗaya, wadda iyayenta ko mijinta ke zaune a garin, irin su ne ba sa tafiya. Ita kuma 'yar liman a riƙa biya mata zango-zango, kai tsaye a asusun makaranta, kada a damƙa mata a dunƙule. Kawunta da mai gari su sa hannu a matsayin masu tsaya mata.

Mai Tumatir:
In kawun nata zai tsaya, na janye rabin maganata. Rabin kawai.

Baba Ma'aji:
Kuɗin ba zai kai biyun ba sai an yi karo-karo, kuma har yanzu mutum 11 ba su biya na watan jiya ba, sun san kansu. Malam, ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan maganar masauki da mai gadi. Anti, ki zo da 'yar liman ranar Lahadi bayan La'asar, da takardar shaidar samun gurbi, mu ji daga bakinta ko ta yarda da koyarwar.